Katsina: Aikin famfo ya yawaita, amma me ya hana ƙananan kamfanoninsa girma?

Duk wanda ya zaga sababbin unguwannin birnin Katsina, daga Layout zuwa Barhim, Modoji da hanyar Batagarawa, zai ga tankunan roba a saman gidaje kamar an shuka su.

A ƙarƙashin kowane tanki akwai rijiyar burtsatse ko tankin ƙasa, da injin tura ruwa, da bututun da suka ratsa cikin bango zuwa banɗaki da kicin. Kusan kowane gida ya zama ƙaramar hukumar samar da ruwa mai cin gashin kanta.

Duk wannan aiki yana hannun masu aikin famfo. Kasuwarsu ta buɗe fiye da kowane lokaci a tarihin birnin.

Sai dai idan aka duba yadda sana'ar ke tafiya, za a ga cewa mafi yawan masu yin ta ba su wuce matakin mutum ɗaya da wayarsa da babur da yara biyu ko uku ba. Wasu sun shekara 15 ko 20 a haka. Kaɗan ne suka kai ga shago mai kaya, ma'aikata masu albashi da asusun banki da sunan kamfani.

Ƙwarewar hannu ba ta yi ƙaranci ba, aiki ma bai yi ba. Abin da ke karya su shi ne tafiyar da kuɗi, da yara, da takarda. Kuma asarar ba ta tsaya a kansu kaɗai ba, domin ruwan da jama'a ke sha yana bi ne ta cikin aikinsu.

Yadda ƙarancin ruwa ya buɗe kasuwa

Madatsar ruwa ta Ajiwa da ke ƙaramar hukumar Batagarawa, wadda birnin ya daɗe yana dogaro da ita, an gina ta ne a shekarun 1970, lokacin da Katsina ke ƙarƙashin Kaduna kuma garin bai yi nisa da ganuwa ba.

Bayan ƙirƙiro jihar a ranar 23 ga Satumban 1987, birnin ya zama fadar gwamnati, ma'aikata suka cika shi, gine-gine suka bazu. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar Katsina kaɗai tana da mutum sama da 318,000, kuma tun daga nan garin ya malala cikin Batagarawa da sauran maƙwabta.

Matsalar tsaro ta ƙara nata. Iyalai da dama daga yankunan Batsari, Jibiya, Safana da Ɗanmusa sun dawo birni, wasu suna haya, wasu suna gini a gefen gari.

Madatsar Zobe da ke Dutsin-Ma, wadda aka kammala a 1983, ta shafe shekaru masu yawa ba a amfana da ruwanta yadda aka tsara ba. Sai a watan Yulin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da kashin farko na aikin tace ruwanta.

A tsawon waɗannan shekaru na jira, mutane sun nema wa kansu mafita. Mai hali ya haƙa burtsatse, mai matsakaicin ƙarfi ya sa tanki yana sayen ruwan tanka, talaka kuma ya dogara da 'yan ga-ruwa da jarkokinsu.

Ga kuma batun tsafta. A Nuwamban 2018 gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ruwa da tsaftar muhalli, a 2019 kuma ta fito da umarnin kawo ƙarshen bahaya a fili. A 2021 Bankin Duniya ya amince da shirin SURWASH na dala miliyan 700 domin ruwa da tsafta a jihohi 7, kuma Katsina na cikinsu.

Kowane banɗaki da aka gina a makaranta, asibiti ko tasha, da kowane gida da za a jona wa babban bututun gwamnati, aiki ne ga mai famfo. To ina kuɗin ke tafiya?

Aljihu ɗaya, kuɗi iri uku

Babbar cutar ƙaramin kamfanin famfo ita ce haɗa kuɗi iri uku a aljihu ɗaya: kuɗin kayan mai gida, kuɗin aikin kamfani, da kuɗin cefanen gidan mai kamfanin.

Yadda abin ke faruwa sananne ne. Mai gini ya ba da kafin alƙalami domin a sayo bututu da sauran kaya. Kuɗin ya faɗa asusun mai famfo na kansa, wanda da shi yake biyan kuɗin makaranta, da shi yake sayen magani, da shi yake gudunmawar biki.

Kafin a je kasuwa, wani kaso ya riga ya tafi. Sai a ɗauko kuɗin aiki na biyu a cike giɓin na farko, na uku a cike na biyu. Muddin sabon aiki na shigowa, komai zai yi kamar lafiya. Ranar da aiki ya tsaya na wata ɗaya, sai asiri ya tonu.

Daga nan ne ake samun abin da masu gidaje suka fi kuka da shi, wato an karɓi kuɗi an daina ɗaga waya. Sau da yawa mai aikin bai shiga da niyyar cuta ba. Bai dai san nawa ne nasa a cikin kuɗin da ke hannunsa ba.

Bari mu ɗauki misali na lissafi kawai. A ce an yi jingar sa bututun gida mai ɗaki uku a kan naira 800,000, inda kaya za su ci 600,000, kuɗin aiki kuma 200,000.

Mai gida ya yi jinkirin wata biyu kafin ya cika kuɗin kaya, farashi ya tashi da kashi 10 cikin 100. Wannan 60,000 ke nan da za ta fita daga kuɗin aiki, tunda an riga an yi jinga.

Yara uku a kan 3,000 kullum na kwana 10 sun ɗauki 90,000. Man babur, ɗan sahu na ɗaukar kaya da katin waya sun ci 25,000. Abin da ya rage wa mai kamfanin shi ne 25,000, ba a cire lalacewar kayan aiki ba, ba a kuma cire ranakun da zai koma gyara kyauta ba.

A idon unguwa ya yi aikin 800,000. A zahiri ya samu abin da bai kai na yaron da ya ɗauka ba. Wanda ba ya rubutawa ba zai taɓa ganin wannan ba, sai dai ya riƙa cewa kuɗin yanzu ba su da albarka.

Farashin da ba ya kwana wuri ɗaya

Tun daga tsakiyar 2023 wannan lissafi ya ƙara tsananta. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ɗaga lita daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, daga baya ta haura 1,000 a ƙarshen 2024.

A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nema wa kanta daraja. Dala ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100, a ƙididdigar hukumar NBS.

Sana'ar famfo ta sha wannan duka ta fuska biyu. Kawunan famfo, shawa, tukunyar banɗaki, injin tura ruwa da injin cikin rijiya da ake kira sumo, yawancinsu daga waje suke zuwa, musamman daga Chaina. Bututun roba da tankuna ana yin su a Najeriya, amma sinadarin robar PVC yawanci shigo da shi ake yi da dala.

Sannan Katsina tana ƙarshen hanya. Kayan da suka sauka a tashar ruwa ta Legas sai sun biyo ta manyan diloli, galibi ta Kano, inda kasuwar Kofar Ruwa ta yi suna a kayan gini, kafin su yi tafiyar kilomita kusan 170 zuwa Katsina. Kowane zango da ribarsa da kuɗin motarsa.

Babban ɗan kwangila yana da sharaɗin sauyin farashi a takardar yarjejeniyarsa. Ƙaramin mai famfo kuwa yana faɗin kuɗi da baki a bakin gini, kuma maganar tana ɗaure shi har bayan wata uku.

Ko da hauhawar farashi ta lafa, darasin bai canza ba. Duk ƙiyasin da ba a rubuta masa wa'adi ba, mai aiki ne ke ɗaukar hatsarinsa. Layi ɗaya a ƙasan takarda, cewa wannan farashi na kwana 7 ne, yana iya zama bambancin riba da faɗuwa.

Bashi da kunya

Katsina gari ne da kowa ya san kowa. Mai gidan da aka yi wa aiki yana iya zama surukin yayanka, ko abokin mahaifinka, ko wanda kuke sahu ɗaya a masallaci.

Wannan zumunci shi ne ke kawo aiki, domin talla mafi ƙarfi a sana'ar ita ce wane ya ce a kira wane. Shi ne kuma ke hana karɓar ciko.

Aiki ya ƙare, ruwa na zuba, sai a ce wa mai famfo ya dawo ƙarshen wata. Ya dawo sau ɗaya, sau biyu, a na uku kunya ta hana shi. Idan ma'aikata ce ko makaranta, sai a ce takarda tana kan tebur.

Ga kamfanin da jarinsa bai wuce 'yan dubbai ɗari ba, ciko uku ko huɗu da suka maƙale sun isa su tsayar da shi cak.

Banki kuma ba mafita ba ne mai sauƙi. Babban Bankin Najeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100 a Nuwamban 2024, bankunan kasuwanci kuma suna ɗora nasu a kai. Ban da tsada, da yawa daga masu sana'a a nan suna gudun bashi mai ruwa saboda addini.

Akwai bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, masu tsarin saya wa mutum kaya su sayar masa da riba sananniya. Amma su ma abin da za su fara tambaya shi ne tarihin shige da ficen kuɗin sana'ar. Wanda ke karɓar kuɗin aiki a asusun da yake sayen katin waya da shi, ba shi da abin nunawa.

Hanyar da ta fi aminci ita ce raba biya kashi-kashi tun a farko: kuɗin kaya gaba ɗaya kafin a fara, wani kaso na kuɗin aiki bayan an shimfiɗa bututu, ragowar kuma ranar da aka gwada ruwa a gaban mai gida. Idan an rubuta an sa hannu, takarda ce za ta yi maganar da kunya ke hana baki.

Yaran shago: ana koya musu, suna tafiya

Kamfanin famfo ba ya girma sai mai shi ya samu wanda zai tura wani aiki shi kaɗai, hankalinsa kwance. A nan ne tsarin koyon sana'a da aka saba da shi ke gazawa.

Uba ya kawo ɗansa ya ce a koya masa. Babu wa'adi, babu yarjejeniyar abin da zai samu, babu maganar ranar yaye shi. Yaron yana ɗaukar kaya, yana fasa bango, ana ba shi na abinci.

Bayan shekara biyu ya iya haɗa bututu, ya kuma san gidajen da ake zuwa. Wata rana mai gida ya kira shi kai tsaye saboda ya fi maigidansa sauƙin kuɗi. Daga nan ya zama mai zaman kansa, tun bai gama ƙwarewa ba.

Sakamakon haka, wasu iyayen gida suna ɓoye wa yara muhimman abubuwa, kamar yadda ake ƙiyasin kaya da lissafin gangarar bututun ƙazanta. Yaron ya fita da rabin ilimi, shi ma ya ɗauki nasa yaran. Kasuwa ta cika da masu karya farashi, inganci kuma yana raguwa.

A kudu maso gabashin Najeriya, tsarin koyon kasuwanci na Ibo ya tanadi wa'adi da aka amince da shi tun farko, kuma a ƙarshe maigida yana sallamar yaro da jari. Yaron yana da dalilin haƙuri, maigidan kuma yana samun abokin hulɗa maimakon abokin gaba.

A Jamus, mai koyon aikin famfo da na'urorin ɗumama gida yana shafe shekara uku da rabi tsakanin kamfani da makaranta, ana biyansa, kuma a ƙa'ida sai mai takardar shaidar babban gwani ne ke buɗe kamfani a wannan fanni.

Najeriya ma tana da nata hanyoyin. Akwai jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya mai mataki uku. Akwai kuma tsarin shaidar ƙwarewa na ƙasa da hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna ke kula da shi, wanda ke ba wa wanda ya koyi aiki a hannun maigida damar a gwada shi a ba shi takarda ba tare da ya koma aji ba. An yi amfani da wannan tsari wajen tantance masu sana'a a kasuwar Panteka ta Kaduna.

Ga mai ƙaramin kamfani a Katsina, abin da ya fi sauƙi shi ne ya zauna da iyayen yaro a rubuta wa'adi, a rubuta abin da zai riƙa samu a kowane mataki, a kuma yi masa alƙawarin kayan aiki ranar yaye. Wanda ya ƙware kuma a ba shi kaso sananne daga duk aikin da ya jagoranta, domin ya ga cewa zamansa ya fi tafiyarsa riba.

Rashin takarda na rufe manyan ƙofofi

Binciken hukumomin SMEDAN da NBS na 2021 ya nuna akwai ƙanana da matsakaitan sana'o'i kimanin miliyan 39.6 a Najeriya, kuma mafi rinjayensu 'yan ƙanana ne da ba su da rajista. Masu aikin famfo na cikin wannan rukuni.

Rashin rajista yana da tsada. Jami'ar Umaru Musa Yar'adua, Asibitin Koyarwa na Tarayya, Kwalejin Hassan Usman Katsina, bankuna, otal-otal da ƙungiyoyin agaji duk suna buƙatar gyaran famfo a kai a kai. Irin waɗannan wurare suna biya ne ta asusun kamfani, bisa takardar neman biya mai lambar rajista da lambar haraji.

Saboda haka kwangilar tana zuwa hannun mai takarda, wanda wataƙila bai taɓa riƙe sifana ba. Shi zai ɗauki kaso mafi tsoka, sannan ya kira mai famfo ya ba shi jinga.

Alhali doka ta sauƙaƙa. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai, kuma rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC ana yin ta ta intanet. A 2020 ma gwamnatin tarayya ta ɗauki nauyin rajistar sunayen kasuwanci 250,000 kyauta.

Abin da ya fi tsorata mutane shi ne haraji. Amma tun dokar kuɗi ta 2019, kamfanin da cinikinsa na shekara bai kai naira miliyan 25 ba an yafe masa harajin ribar kamfanoni. Sababbin dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a Yunin 2025 sun ƙara ɗaga wannan iyaka.

Yafiyar ba ta ɗauke wa kamfani wajibcin kai bayanan shekara ba. Ma'ana, a nan ma littafin lissafi ne ke raba wanda zai ci moriyar doka da wanda zai ci tara.

Abin da ake binnewa ƙarƙashin tayil

Mai karatu zai iya cewa wannan matsalar masu sana'ar ce. Amma kamfanin da ke cikin matsin kuɗi yana huce wa ne a kan abin da mai gida ba ya gani.

Ana sa siririn bututun da aka yi domin ruwan datti a inda ake buƙatar mai kauri da ke jure ƙarfin ruwa. Ana rage gam, ko a sa na bogi. Ana barin bututun PVC a rana ba rufi, har ya bushe ya fara tsagewa.

Mafi muni, ana rufe bango a manna tayil ba tare da an gwada layin ba. Gwajin ba shi da wuya: a toshe bakunan bututu, a cika da ruwa, a ƙara masa ƙarfi, a jira a ga ko ma'auni zai sauka. Aikin 'yan sa'o'i ne. Tsallake shi kan jawo fasa tayil ɗin banɗaki gaba ɗaya bayan shekara guda.

Ko ƙaramin yoyo ba abin rainawa ba ne. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa yana zubar da kimanin lita 30 a rana, wato fiye da jarka guda mai lita 25, kusan lita 11,000 a shekara. A garin da ake sayen ruwa da jarka, kuɗi ne ke tsiyaya.

Akwai kuma haɗarin rai. Lita 1,000 ta ruwa nauyinta tan ɗaya ne. Tanki mai lita 2,000 a kan ƙarfen da aka yi wa walda ta gaggawa, nauyin mota ne a saman tsakar gidan da yara ke wasa.

Sai batun lafiya. Ƙa'idar da masana tsafta suka fi amfani da ita ita ce a bar tazarar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da shadda ko sokawe. A filin gida mai ƙafa 50 a 50, tsawon kowane ɓangare bai wuce mita 15 da 'yan kai ba. Idan kowane gida na da burtsatse da sokawe, to rijiyar wani tana maƙwabtaka da shaddar wani.

A tsofaffin unguwannin cikin ganuwa kuma, ana yawan ganin bututun ruwan sha ya bi ta cikin kwata. Lokacin da ruwa ke zuwa da ƙarfi, yoyo waje yake fita. Da zarar an ɗauke ruwa, bututun da ya zama fanko yana iya zuƙo ƙazantar kwata ta wannan ɓular. Injinan da wasu ke jonawa kai tsaye a layin gwamnati domin jan ruwa suna ƙara wannan haɗari.

A 2021 Najeriya ta yi fama da ɓarkewar kwalara da ta kama mutum sama da 100,000 ta kuma kashe sama da 3,000, kuma jihohin arewa, ciki har da Katsina, su ne suka fi jin jiki. Gurɓataccen ruwa shi ne babbar hanyar yaɗuwar cutar. Ruwan da aka tace a Ajiwa ko Zobe yana iya lalacewa a mita 10 na ƙarshe kafin ya shiga randa.

Abin da ƙaramin kamfani zai iya yi da kansa

Gyaran farko ba ya buƙatar jari. Asusu daban domin sana'a, ko da na wayar hannu ne, da littafi ɗaya da ake rubuta kowane aiki: abin da aka karɓa, abin da aka saya, abin da aka ba yara, da abin da ya rage.

Mai kamfanin ya yanka wa kansa albashi ya tsaya a kai. Abin da ya saura na kamfani ne, da shi za a sayi injin narka bututun PPR, famfon gwaji da na'urar huda bango, maimakon haya kullum.

Na biyu, a raba kuɗin kaya da kuɗin aiki a takardar ƙiyasi. Al'adar ɓoye riba a cikin kuɗin kaya ita ce ta sa masu gidaje ba sa yarda da masu famfo, su kuma suke taƙaita kuɗin aiki. Wanda ya kawo rasit na gaskiya yana da bakin neman cikakken haƙƙin guminsa.

Na uku, a san kalandar sana'ar. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, ruwan ƙasa yana ja da baya, injinan rijiya suna ƙonewa, kira yana yawa. Da damina sokawe ke cika, gini kuma yana raguwa. Gab da Sallah da lokutan biki ana gyaran gidaje. Wanda ya san haka zai yi tanadi a watannin samu domin ya riƙe yaransa a watannin rashi.

Na huɗu, a nemi kuɗin shiga mai maimaituwa. Makarantu masu zaman kansu, asibitocin kuɗi, masallatan Juma'a, gidajen haya da masu gidan wanka da bahaya duk sun fi son a riƙa duba musu kaya a kai a kai da su jira ɓarna. Yarjejeniyar wata-wata ta duba famfuna, wanke tanki da kula da inji tana ba kamfani abin da zai biya albashi da shi ko ba sabon gini.

Na biyar, a ba da garanti a rubuce, ko na wata shida ne, a kuma ɗauki hoton layin bututu da waya kafin a rufe bango a tura wa mai gida ta WhatsApp. Hoton yana kare mai aiki idan an zarge shi, yana kuma hana fasa bango a makance nan gaba.

Tsadar fetur da rashin tsayayyar wutar lantarki sun sa injinan ruwa masu aiki da hasken rana suna ƙara karɓuwa. Kamfanin da ya koyi haɗa su, ko ya ƙulla da mai aikin sola, ya buɗe wa kansa wata kasuwar.

Inda gwamnati ta shigo

Katsina tana da wata dama da jihohi kaɗan ke da ita. Gwamna Dikko Umaru Radda ya shugabanci hukumar SMEDAN daga 2016 zuwa 2022, kuma bayan hawansa mulki a 2023 ya kafa hukumar KASEDA domin bunƙasa ƙananan sana'o'i a jihar.

Al'adar da aka saba gani a shirye-shiryen tallafi a faɗin ƙasar nan ita ce horon 'yan makonni da rabon akwatin kayan aiki. Wannan yana ƙara yawan masu riƙe sifana a kasuwar da ta riga ta cika. Abin da ya yi ƙaranci shi ne masu iya tafiyar da kamfani.

Zai fi amfani a nemo waɗanda suka riga suka shekara 10 a sana'ar, a tantance ƙwarewarsu a ba su shaida, a taimaka musu da rajista, a koya musu lissafi da rubuta ƙiyasi cikin Hausa.

Hukumar samar da ruwa ta jiha kuma tana iya buɗe rajistar masu famfon da ta amince da su, ta ce su kaɗai za su jona gida da babban bututu. Hakan zai rage jonin sata da yoyo, ya kuma ba takardar shaida darajar da za ta sa a neme ta.

Haka nan a ayyukan banɗakunan makarantu da asibitoci, ana iya ware ɓangaren famfo a ba ƙananan kamfanonin gida kai tsaye, tare da yarjejeniyar kula da wurin na shekara ɗaya ko biyu. Banɗakunan gwamnati da yawa suna mutuwa ne saboda kan famfo ɗaya da babu mai alhakin canza shi.

Masu gidaje ma suna da nasu rabon. Wanda ya zaɓi mafi arha a cikin mutum uku ba tare da ya tambayi irin bututun da za a sa ba, wanda kuma ya riƙe cikon mai aiki wata shida, yana cikin masu koya wa sana'ar ha'inci. Araha dai ba ta ado.

Ana kashe biliyoyin naira a kan madatsu, injinan tacewa da manyan bututu domin ruwa ya iso Katsina. Ko zai iso tsaf ya kuma daɗe yana zuba, ya danganta ne da ƙananan kamfanonin da za su ɗauke shi daga bakin titi zuwa cikin gida, da kuma ko za su iya riƙe littafi kamar yadda suka iya riƙe sifana.